Haɗa Magunguna Biyu Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Sakamakon Gwaji da Halin Majinyacin Yashe

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda jijiyar ke fashewa. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari na majinyata toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa.

An daɗe ana bai wa mai toshewa asfirin shi kaɗai domin hana jini sake daskarewa. A shekarar 2013 aka fitar da sakamakon gwajin CHANCE na ƙasar Sin, a kan mutum 5,170 da ciwon ya taɓa su sama-sama. Rabinsu an haɗa masu asfirin da clopidogrel tsawon kwana 21, an kuma fara cikin awa 24 da bayyanar alamu. Bayan kwana 90, ciwon ya dawo wa kashi 8.2 na waɗanda aka haɗa wa, da kashi 11.7 na masu asfirin kaɗai. Gwajin POINT na 2018 ya ƙarfafa wannan, sai dai da aka tsawaita haɗin zuwa kwana 90, zubar jini mai tsanani ta ƙaru. Amfanin haɗin yana cikin makonnin farko ne. Abin da aka auna kuwa shi ne hana dawowar ciwo, ba farfaɗowar hannu ko ƙafar da ta riga ta shanye ba.

Sharaɗin awa 24 shi ne ƙalubalen mutumin Yashe. Garin na kan hanyar Kano zuwa Katsina, amma hoton ƙwaƙwalwa na CT, wanda shi ke bambance toshewa da fashewa, sai a manyan asibitocin birni. Galibi kuma idan baki ya karkace ko magana ta sarƙe, akan fara da tofi da shafe-shafe, har a kwana biyu. Mafi haɗari shi ne a sayi magungunan nan a kemis ba tare da hoto ba: kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa fashewa ta yi, kuma haɗin da ke ceton mai toshewa, shi zai ƙara masa zubar jini a ƙwaƙwalwa.