Amsar Tambaya: Waya Ta Isa Koyon Duba Masu Taɓin Hankali?

Tambaya: Ni ɗalibin likitanci ne daga Ƙofar Doka. Mun fara zagayen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Shika. Bidiyon YouTube da manhajoji sun wadatar?

Amsa: Ɗana, suna taimakawa, amma ba su wadatar ba. Sauke manhajar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, kyauta ce. Duba kundin rabe-raben cututtuka na ICD-11 da ya fara aiki a 2022, ka karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Sai dai yawancin bidiyon nan Turawa suke nunawa. Tsohuwar da za a kawo daga cikin birni ba za ta ce damuwa ke damunta ba. Cewa za ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, kanta na zafi, ko sammu aka yi mata, an sha rubutu an gaji. Gane wannan sai a bakin gado, kusa da malaminka.

Kada ka tura hoton majinyaci ko labarinsa a WhatsApp, amana ce. Yi karatun wayarka da dare, da safe ka hallara a ɗakin majinyata. Allah ya ba da sa'a.