Ka fara awo daga ɗakinka, ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ranar da muka haɗu wurin suna cewa sati biyu ke nan ranka a ɓace. Kana tsakiyar darasi da malaminka ta Zoom sai muryarsa ta sarƙe, fuskarsa ta daskare, kafin ta dawo an wuce ka. Ta ce har ka fara tara kuɗin sabuwar rauta, kana kuma shirin sauya kamfani. Ka dakata tukuna. A shekarun da na yi ina hawa falwaya ina gyaran wayar tarho, mai ƙara yakan zo da sunan mai laifi a bakinsa, amma in na bi wayar da hannuna, sau da yawa a wani wuri dabam nake tarar da ɓarnar, wani lokaci taku biyar daga kujerar da yake zaune.

Na san abin da ya ruɗa ka. Ka auna gudu, manhaja ta nuna maka megabit 40, ka ce to me kuma ya rage? Wannan lambar yawan kayan da hanya ke iya ɗauka take faɗa maka. Tirela takan lodi ɗaruruwan buhuna a Dawanau, amma sai ta kwana a hanya kafin ta shiga Legas. Kallon fim tirela yake so, domin na'urarka tana tara abin da za ta nuna maka tun kafin ka iso wurin. Magana ta kai tsaye kuwa ɗan aike take so, wanda zai je ya dawo yanzu-yanzu. Muryar malaminka yanka ta ake yi ƙunshi-ƙunshi, ƙanana ƙwarai, a turo su ɗaya bayan ɗaya. In sun makara, shi ne kuke ta cin karo a magana. In wasu sun ɓace a hanya, ba a tsayawa jiran su, sai ka ji kalma ta gutsure. Ko ɗaya ko biyu ne cikin ɗari suke ɓacewa, kunne yana ji.

Abin awon yana cikin kwamfutarka tun ranar da ka saye ta. Sunansa ping. Wani injiniya ɗan Amurka, Mike Muuss, ya rubuta shi a 1983, kuma aikinsa bai wuce ya yi sallama ya ƙirga lokacin da aka ɗauka kafin a amsa ba. Yana ƙirga da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Buɗe baƙin allon nan na Command Prompt, ka fara yi wa rautar gidanku sallama sau ɗari: ping -n 100 192.168.1.1. In adireshin bai yi ba, juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Masu ɗaukar sim da yawa 192.168.8.1 ne ko 192.168.0.1. Rautar da kuke gida ɗaya da ita ya kamata ta amsa cikin milisakan ƙalilan, biyu ko uku ko biyar, kuma duk ɗarin su dawo. In ka ga 3, 4, sai 180, sai shiru, to saƙonka tun bai fita zaure ba ya yi tuntuɓe, kuma ko ka sauya kamfani goma haka za ka ci gaba da gani.

A nan nake so ka kashe ɗan kuɗi kaɗan. Sayi wayar nan da ake jona kwamfuta da rauta kai tsaye, ka kashe Wi-Fi, ka sake awon. In lambobin sun kwanta, ka kama ɓarawon. Wi-Fi rediyo ne, kuma bango yana cin sa. Tsakanin ɗakinka da falo akwai bangon bulo biyu, ga firji, ga ƙofar ƙarfe. Ga kuma maƙwabta: a zangon Wi-Fi na 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma kowane gida a layinku yana magana a cikinsu. In rautarku tana da zangon 5, koma can, sai dai ka sani ba ya ratsa bango kamar na farko, dole ka matso. Ka fitar da ita daga bayan talabijin ka ɗora ta a sama, inda iska ke shiga. Ka taɓa ta da rana a watan bazara. In ta yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, ita ma wahala take sha. Ka duba cajarta kuma. Na sha ganin gidan da asalin cajar ta ƙone aka maye ta da wadda ba ta kai ƙarfinta ba, rauta tana kunne, fitilu suna ci, amma da an matsa mata da aiki sai ta riƙa suma tana farfaɗowa.

To, a ce gida lafiya. Bar wayar a jone, ka yi sallama waje: ping -n 100 8.8.8.8, adireshin Google ne. Ka yi bayan sallar asuba, ka sake yi bayan isha'i, kwana uku a jere, kana rubutawa a littafi. In da asuba lafiya lau amma da dare abin ya dagule, cunkoso ne: ƙarfen sabis ɗaya ne duk unguwa take rataye a kai, kuma lokacin kowa ya dawo gida. Mai rautar sim ya kai ta bakin tagar da ke fuskantar ƙarfen. Mai faiba ya duba siririyar wayar da ta shigo ɗaki, kada a naɗe ta da ƙarfi ko ƙafar kujera ta danne ta, domin gilashi ne a ciki; kuma kada ka taɓa leƙa bakinta da ido.

Akwai wani abin da nake zargi fiye da duka, domin na san gidanku cike yake da wayoyin hannu. Ka tuna layin injin markaɗe ranar biki. Ka zo da ɗan kwanon tattasai wanda minti ɗaya zai ishe shi, sai ka tarar da bokiti shida a gabanka. Injin lafiyarsa ƙalau, yana ta aiki, amma kai kana tsaye. Haka rauta take yi idan wayar wani a gidan ta fara ɗora hotuna da bidiyo ita kaɗai ba tare da mai ita ya sani ba. Hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, sai ta cika, rauta ta jera komai a dogon layi, ƙunshin muryarka ya tsaya a baya. Wani masani, Jim Gettys, shi ya bayyana wannan cuta a fili a 2010. Gwada ta ba wuya: bar ping yana tafiya da -t a maimakon -n 100, sannan ka tura wa wani babban bidiyo. In 50 ta zama 700, ita ce. In rautar tana da wurin da aka rubuta SQM ko QoS, ka ƙayyade gudun ya tsaya kamar kashi 90 cikin ɗari na abin da layin ke bayarwa, sai layin jiran ya daina taruwa. In babu, ka bi wayoyin ƙannenka ka kashe ɗora hotuna ta atomatik, ka roƙe su cikin lalama su ba ka awa biyun darasin. Kada ka yi musu tsawa. Ba su san wayarsu na yin haka ba.

Wani jinkirin kuma nisa ne, ba mai iya cire maka shi. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar Glo-1 da ke kwance a ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Ingila ta kai kusan kilomita 9,800, zuwa da dawowa kusan milisakan 100 ke nan, kafin ka ƙara tafiyar Kano zuwa Legas. Don haka in ka ga 130 zuwa Landan, tsayayyiya ba ta tsalle, kada ka damu, murya tana tafiya daidai a haka. Akwai kuma ranar da abin ya fi ƙarfin kowa. Ka tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har aika kuɗi ta waya ya gagari mutane. Irin wannan rana ka tambayi abokanka masu wani layin kafin ka taɓa komai a gida.

In awo ya nuna daga waje ne, rubuta tracert 8.8.8.8, zai jero maka zangunan da saƙonka ke yadawa. Amma ka yi hattara da zargi. Wasu na'urorin tsakiyar hanya ba sa kula amsa sallama, sai ka ga taurari a layinsu alhali kaya suna wucewa lafiya. Laifin gaskiya shi ne wanda ya fara a wani zango ya bi duk na bayansa har ƙarshe.

Sannan ka kira kamfanin, littafinka a hannu. Ka ce musu da waya ka jona, rauta tana amsawa cikin milisakan 2, amma waje kana rasa kaza cikin ɗari daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kwana uku. Wanda ya ɗauki kiran ɗan wani ne, ka yi masa magana da mutunci, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In an daɗe ba a yi komai ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar kyauta, 622, kuma wannan lambar ƙorafin za su fara tambayarka.

Kuɗin sabuwar rautar ka riƙe su tukuna. Ka sayi wayar gobe, ka yi awon kwana ukun, ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta gida da littafin mu duba tare. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka nasara a karatun. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.