Yadda Ake Magance Raunin Sigina a Ƙaramin Jirgi Mai Rimot

Tsakanin rimot ɗin da ke hannunka da jirgin da ke sama akwai saƙo iri biyu. Rimot na aika umarni, risibar da ke cikin jirgin kuma tana maido da rahoto: ƙarfin sigina, wutar batir, wani lokaci har da nisan da ya yi sama. Wannan rahoto shi ake kira telemetiri, kuma galibi shi ke fara yankewa, domin a na'urori da yawa ƙarfin aikawar risiba bai kai na rimot ba. Don haka in rimot ya yi shelar cewa telemetiri ya ɗauke, ba lallai jirgin ya kuɓuce maka ba tukuna.

Fara da sanin lambobin da ke kan allon rimot. RSSI na nuna ƙarfin siginar da ke isa risiba. A rimot ɗin FrSky, gargaɗin farko kan zo a 45, na haɗari a 42. A ExpressLRS kuwa da dBm ake aunawa, kuma -60 ya fi -100 ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk sanda nisa ya ninka, sigina na raguwa da kusan dB 6. Sai LQ, wato kashi nawa cikin 100 na saƙonnin suka isa lafiya. Ni dai na fi amincewa da LQ, domin a unguwar da Wi-Fi ya cika zangon 2.4 GHz, RSSI na iya yin kyau alhali saƙonni na ɓacewa.

Daga nan ka duba eriya, don nan ne yawancin matsalar take. In risibarka ta 2.4 GHz mai eriya biyu ce, sa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yadda ko ta ina jirgin ya karkata ɗaya za ta kama. Ɗan siririn ƙarshen nan da bai wuce milimita 31 ba shi ke aikin. Kada ka lanƙwasa shi, kada ka rage shi. Nisanta shi da batir, injin, wayoyin wuta masu kauri da na'urar aika bidiyo. In jikin jirgin na kabon ne, fito da eriyar waje, domin kabon na tare sigina. Ta rimot kuma, kada ka saita tsininta kan jirgin kamar mai nuni da yatsa. Ta gefe take watsa sigina, ta tsini ce mafi rauni.

Yanzu cire farfela, ka saita abin da jirgin zai yi in umarni ya yanke gaba ɗaya. Kunna komai, ba injin wuta kaɗan, sannan ka kashe rimot. Injin ya kamata ya tsaya. In ya ci gaba da juyawa, kada ka tashi jirgin.

Sai gwajin nisa. Yawancin rimot na da wurin da ake rage ƙarfin aikawa don wannan. Kunna shi, ka yi tafiyar kamar mita 30, wani ya riƙe jirgin yana jujjuya shi ta kowane ɓangare, kai kuma kana motsa sandunan. Ku maimaita da injin a kunne, a riƙe da kyau. Kada ka ruɗe in telemetiri ya ɗauke sa'ad da rimot ke dab da jirgin. Wasu risibobi kan rikice in sigina ta yi musu yawa, ja da baya kaɗan zai dawo.

In gargaɗi ya zo kana tsakiyar tashi, juyo da jirgin gida nan take, ka ɗan ƙara sama, ka tabbata babu bishiya, gini ko jikinka tsakanin eriya da jirgin.

Bayan sauka, buɗe bayanan da rimot ya ajiye a katin memori. In RSSI ya riƙa sauka a hankali, nisa ne. In a kwana kawai yake faɗuwa, eriya ce ke shiga bayan batir. In kuwa komai lafiya sai rahoto ya yanke farat ɗaya, duba wutar risiba: na'urorin servo da ke motsa fuka-fuki in suka ja wuta tare, volt 5 ɗin da risiba ke samu kan faɗi har risiba ta mutu ta sake kunnuwa. Wannan matsalar sayen rimot mai tsada ba ya maganinta, sai ka gyara hanyar wutar kafin ka sake tashi.