Batirin Sola Amana Ne

'Yan uwa ɗalibai, tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, lantarki ya yi mana wuya a Umdurman. Da sola muke muraja'ar dare, ranta kuwa batiri ne. Mu kiyaye abu uku.

Na ɗaya, kada mu zuƙe shi ƙarƙaf. Mai volt 12 in ya sauko 12.2, saura rabi ke nan. Mu kashe fanka, mu bar fitila.

Na biyu, in ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batiri za mu ƙara, ban da na famfo ko na Nilu.

Na uku, mu ajiye shi a inuwa mai iska, nesa da garwashi, don tururinsa na kama wuta.

In ya mutu fa, kuɗin sabo ba mu da su. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.