Lissafin Kusurwar Karkacewa Bayan Karon Gefe

1.0 Gabatarwa

Ba kasafai abubuwa biyu suke yin karo gaba da gaba ba. Galibi ɗaya yakan gogi ɗaya ta gefe, kowanne ya kama hanyarsa, kamar yadda ake gani a kan teburin sunuka. Wannan shi ake kira karon gefe. Maƙalar nan za ta nuna yadda ake fitar da kusurwar da kowanne yake karkatawa, da kuma abin da kusurwar take bayyanawa game da nauyin abin da aka buga.

2.0 Ƙa'idojin Lissafi

Layin da ya haɗa cibiyoyin ƙwallaye biyu a lokacin da suka taɓa juna shi ne layin cibiyoyi. Idan ƙwallayen masu santsi ne, ta wannan layi kaɗai suke tura juna. Saboda haka akan raba gudun kowanne gida biyu: kason da yake bin layin, da kason da ya gicciye shi. Kason gicciye ba ya sauyawa. A kan layin kuwa, jimillar nauyin gudu, wato nauyi sau gudu, tana nan yadda take kafin karo da bayansa.

3.0 Misali

Ƙwallo A yana gudun mita 5 a daƙiƙa, sai ya bugi ƙwallo B mai nauyi daidai da nasa, wanda yake tsaye. Layin cibiyoyi ya karkace daga hanyar A da kusan digiri 37. Gudun A a kan layin shi ne 4, na gicciye kuma 3.

Idan ba a yi asarar makamashin motsi ba, A zai miƙa wa B kason 4 baki ɗaya. B zai bi layin cibiyoyi a digiri 37, A kuma ya tafi da kason 3 a digiri 53 ta ɗaya ɓangaren. Tsakaninsu digiri 90 ke nan. Ba dace ba ne: 5² = 4² + 3², ka'idar Faisagoras ce ta bayyana.

Idan kuwa ma'aunin tsalle 0.5 ne, wato gudun rabuwarsu a kan layin rabin gudun haɗuwarsu ne, B zai samu 3, A ya riƙe 1. Tanjan ɗin kusurwar A daga layin ya zama 3 ÷ 1, wato kusan digiri 72. In an ɗebe 37, karkacewar A digiri 35 ce. Kusurwar da ta gaza 90 tsakanin masu nauyi ɗaya shaida ce ta asarar makamashi.

4.0 Idan Nauyi Ya Bambanta

Abu mai nauyi da ya bugi marar nauyi yana da iyakar karkacewa: sayin ɗin kusurwa mafi girma shi ne ƙaramin nauyi a raba da babba. Ƙwayar alfa ta ninka furoton kusan sau 4, don haka furoton ba zai karkatar da ita fiye da kusan digiri 14.5 ba. Ilektoron kuwa, wanda ta ninka fiye da sau 7,000, ko kashi ɗaya bisa ɗari na digiri ba zai kai ba.

A shekarar 1909, a Jami'ar Manchesta da ke Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden sun harba ƙwayoyin alfa kan siraran fallayen ƙarafa, har da na zinari, suka ga 'yan kaɗan sun karkace fiye da digiri 90. A 1911 Ernest Rutherford ya bayyana dalili: kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya. A can ƙarfin lantarki ne yake yin turin ba taɓa juna ba, amma dokar nauyin gudu ba ta sauya ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa matakai uku ne: a zana layin cibiyoyi, a raba gudu gida biyu, sannan a fitar da kusurwa ta tanjan. Wanda ya auna kusurwar zai iya ƙiyasta nauyin abin da aka buga, ko da ido bai taɓa ganinsa ba.