Masu bin sawun gorila

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka. A arewacinta akwai manyan duwatsu da ake kira Birunga. Kurmi ya rufe su, ga sanyi, ga hazo, ga yawan ruwan sama. A nan gorilar dutse yake zaune. Ba a samun irinsa sai a ƙasashe uku: Ruwanda, Uganda da Kwango.

Gorila ya fi dukan birai girma, kuma ba shi da wutsiya. Babban namiji yakan kai kilo 160. In ya manyanta, gashin bayansa yakan yi fari. Shi ne shugaban garke.

Akwai mutanen da aikinsu shi ne bin sawun waɗannan dabbobi. Tun da sassafe suke hawan dutse, da adda a hannu. Sai su nufi inda suka bar garken jiya da marece. Da farko suna neman makwanci, domin kowace yamma gorila yakan tanƙwara rassa da ganye ya yi sabon gado. Jariri kaɗai ke kwana a gadon uwarsa. Masu bin sawu su ƙirga gadajen. In jiya 12 ne, yau kuma 11, to wani ya ɓace, sai an nemo shi.

Daga nan su ci gaba, idonsu a ƙasa. Ga gora da aka karya. Ga ɓawon tsiro da aka zubar. Ga shaidar dunƙulen hannu cikin laka. In sun tarar da kashi da sauran ɗumi, sun san garken yana kusa. Sai su rage sauri, su yi gurnani a hankali kamar yadda gorila ke yi, don kada dabbobin su firgita.

Wani lokaci shugaban garke yakan miƙe tsaye, ya bugi ƙirji, ya taso da ƙara. Mai bin sawu ba ya gudu. Sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, har fushin ya wuce.

Baƙi sukan zo daga nesa don ganin gorila. Mutum 8 kaɗai ake kai wa garke ɗaya a rana, kuma awa ɗaya suke yi. Ba a barin mai mura ya hau, domin ciwon mutum yana kama gorila, har ya kashe shi.

Wani haɗarin shi ne tarko. Mafarauta sukan ɗana wa gada tarkon igiya ko na waya, sai ya kama hannun ɗan gorila. Masu tsaron kurmin suna kwance tarkunan, in kuma dabba ta ji rauni a kira likitan dabbobi. Kowane ɗa yana da daraja, domin mace takan yi kamar shekara 4 kafin ta sake haihuwa.

A shekara ta 1981, gorilan da suka rage a duwatsun Birunga kamar 250 ne. Ƙidayar da aka bayyana a 2018 ta samu 604. Wannan ƙaruwa ba ta samu ba sai da mutane suka yi ta hawan dutse kowace safiya, ko ana ruwa ko ana rana.

Ma'anar kalmomi
Kurmi: daji mai itatuwa cunkushe.
Gurnani: ƙarar da dabba ke yi daga maƙogwaro.
Ƙidaya: ƙirgar mutane ko dabbobi.

Tambayoyi
1. A waɗanne ƙasashe ake samun gorilar dutse?
2. Don me masu bin sawu suke ƙirga gadaje?
3. Me ya sa ba a barin mai mura ya hau dutsen?
4. Gorila nawa suka ƙaru daga 1981 zuwa 2018?
5. Tambayi wani makiyayi yadda yake bin sawun dabbar da ta ɓace, ka rubuta jimla 3.