DARASI: GIZO YA SHIGA AJI

A ƙauyukan ƙasar Gwandu ta Jihar Kebbi, yara sun saba jin tatsuniya da dare a bakin kakanninsu. Yanzu wayar hannu ta fara raba su da wannan hira. Tsohuwa kuwa idan ta rasu, ta tafi da tatsuniyoyinta.

Tun a 1971 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a littattafansa, Tatsuniyoyi da Wasanni, domin 'yan makaranta. Yau ana iya mayar da tatsuniya zane mai motsi. Ana zana hotuna da yawa, a nuna su da sauri, kamar 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ido ya ga Gizo yana tafiya, Ƙoƙi tana masa faɗa. Dattawan da suka kalli majigi sun san irin wannan.

Kallo kawai ba karatu ba ne. Malamin firamare zai nuna kaɗan, ya tsayar, ya tambaya: "Me ya sa Gizo ya sha wuya?" Daga nan ya rubuta GIZO, KURA, ZAKI a allo, yara su kwafa. Yaro ba ya saurin manta kalmar da ya gani tana motsi.

Iyaye ma suna da aiki. Wanda ya iya rubutu ya zauna da tsofaffin gidansu, ya rubuta tatsuniya ɗaya, ya kai wa malami.

TAMBAYOYI
1. Yaya ake sa zane ya motsa?
2. Wace tatsuniya za a fara rubutawa a gidanku?